Gayya a Cikin Waya

A tsakar gidanmu da ke Beli akwai wata tsohuwar darbejiya, kuma a ƙarƙashinta ne kaɗai sabis ɗin waya yake tsayawa da ƙarfinsa. Saboda haka, tun daga tsakiyar daminar 2023 har zuwa shigowar hunturu, da zarar yara sun kwanta nakan ɗauko tabarma in shimfiɗa a wurin, in buɗe wata takarda da mu bakwai muke rubutu a cikinta lokaci guda. Ina zaune zan ga abokan aikina suna shigowa ɗaya bayan ɗaya: wannan yana Karaye, wancan yana cikin garin Rogo, wani a Zarewa, wani a Gwangwan, ɗaya a birnin Kano, ɗaya kuma a Samarun Zariya inda yake ƙaro karatu. Daren farko da na ga haruffa suna fitowa da kansu a gabana alhali ban taɓa komai ba, sai da na yi a'uziyya. Da na saba, sai abin ya riƙa tuna mini da gayyar noma ta lokacin ƙuruciyarmu, inda samari za su jeru a gona guda, kowa da kunyarsa, kafin azahar an ga bayan aikin da zai ci mutum ɗaya mako biyu.

Ni malamar gona ce. Aikina shi ne shiga gidaje da gonaki ina nuna wa manoma, musamman mata, yadda ake zaɓen iri, da sa taki, da adana amfani. Abin da muke shiryawa a cikin wannan takarda kuwa taro ne na masu sana'armu daga ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, kuma dalilinsa a cikin gidanmu ya samo asali.

Ƙanena yana cikin samarin da ake kira 'yan feshi, waɗanda suke goya famfo a baya suna bin gonakin mutane ana biyansu lada. Wata rana da tsakar rana, a daminar nan, aka kawo shi a kan babur mutum biyu suna riƙe da shi, zufa tana karyo masa, yawu yana dalala, ga amai. Da ƙyar aka ceto shi a asibiti. Bayan ya farfaɗo ne ya faɗa mana cewa magani kala uku ya haɗa a tanki guda bisa shawarar wani mai shago, da hannunsa ya dama, kuma ko ƙyalle bai rufe hancinsa da shi ba. Inna ba ta ce mini komai ba a ranar. Kallon da ta yi mini ya wadatar, domin 'yarta ce malamar gona, ɗanta kuma yana neman mutuwa a kan abin da 'yar take koyarwa a gidajen wasu.

Abin da ya sami ƙanena ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun daga 2016, shekarar da aka fara ganin tsutsar nan mai cin masara a Nijeriya bayan ta ƙetaro daga nahiyar Amurka, kuma shekarar da tsutsar Sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, manomi ya shiga firgici. Duk kwalbar da aka miƙa masa saye yake yi, in cokali ɗaya aka ce ya zuba sai ya zuba uku. Mata kuma suna yayyafa wa wake fiya-fiya don gudun ƙwaro, irin sinadarin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Mu malaman gona mun san wannan, ma'aikatan lafiya sun san nasu ɓangaren, masu shagunan magani ma da nasu sanin, amma ba a taɓa zaunar da mu a inuwa ɗaya ba. Da na kai kukana ga ƙungiyarmu, sai aka yanke shawarar kiran taron yini guda bayan kaka, kafin a fara zuba wake a rumbu. Aka kafa kwamitin mutum bakwai, ni kaɗai ce mace, aka ba ni sakatariya.

Zama biyu muka yi ido da ido, asusunmu ya fara numfashi sama-sama. Tun ranar 29 ga Mayu ta wannan shekara, da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Kuɗin da za a ba mutum bakwai na mota da babur a zama ɗaya ya kai na hayar kujerun taron baki ɗaya. A nan ne ƙaraminmu, wanda yake karatu a Samaru, ya ce mu mayar da zaman cikin waya. Ya buɗe mana zauren WhatsApp domin maganganun yau da kullum. Ya buɗe takarda a Google Docs domin tsara jadawalin taro da wasiƙun gayyata, da wata mai gidaje-gidaje a Google Sheets domin lissafin kuɗi, da fom a Google Forms wanda mai son halarta zai cike. Ya ce duk mako za mu haɗu a Zoom.

Zaman Zoom na farko abin dariya ne. Minti 40 kacal manhajar take bayarwa ga wanda bai biya ba, mu kuwa ba mu san da haka ba. Aka buɗe da addu'a, aka gaisa, aka tambayi iyali da damina, aka jajanta wa wanda ya yi rashi, aka jira wanda sabis ya yanke masa. Shugaba yana cewa, "To, abu na farko a ajanda," sai allon ya ɗauke. Daga ranar muka koyi yin gaisuwa a zauren WhatsApp tun da yamma, mu kashe hoto mu bar murya kaɗai don tattalin data, kowa kuma ya rubuta abin da yake son faɗa a cikin takarda kafin lokaci. Ni kuwa da nawa ƙarin aikin: in aika wayata shagon mai caji da hasken rana tun da hantsi, in lallaɓi maigidana ya bar mini tasa in tawa ta mutu, in kuma riƙa korar sauro da hannu ɗaya ina rubutu da ɗayan.

Duk da wannan wahala, ba zan ɓoye alherin da takardar ta yi mini ba. Shekara da shekaru ina zuwa tarukan aiki, kuma na san mazaunina: kujerar baya, kusa da ƙofa. Kafin manya su gama magana lokaci ya ƙure, sai a ce, "Malama, ko kina da abin cewa?" alhali an riga an fara naɗe tabarma. A cikin takardar kuwa babu kujerar baya. Abin da na rubuta da abin da shugaba ya rubuta girman haruffansu ɗaya, kuma ba wanda zai katse ni. A can na rubuta, da ƙarfe sha ɗayan dare, cewa taron da zai yi maganar guba a wake ba tare da matan da suke adana waken ba, aikin baban giwa ne. Na kawo shawarar a ware wa mata zama nasu, a nuna musu buhun nan mai ninki uku da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, wanda yake toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Kafin gari ya waye mutum huɗu sun rubuta amincewarsu a gefe. Da a zaure ne, da wuya maganar ta fito daga bakina.

Takardar lissafi ma ta yi mana rana. Kowa ya san abin da yake kashe ƙungiyoyinmu: zargi a kan kuɗi. A nan kuwa duk nairar da ta shigo da wadda ta fita tana gaban idon mutum bakwai. Wata safiya muka tashi muka ga kuɗin abinci ya ninka sau goma. Zaure ya ɗauki zafi, har wani ya fara jifan ma'aji da habaici. Sai ɗan Samaru ya nuna mana cewa takardar tana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi mata, da sunan wanda ya yi, da lokacin. Da aka duba, ma'ajin ne kuwa, amma sifiri ɗaya ne babban yatsansa ya ƙara cikin dare yana gyangyaɗi. Aka mayar da lissafin yadda yake, aka ba shi haƙuri, aka yi dariya. Na sha ganin abota ta shekara ashirin ta mutu a kan abin da bai kai wannan ba.

Sai dai takardar ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba, kuma wannan ya kusa haɗa mu rigima. Shugabanmu ya rubuta doguwar gabatarwa ga wasiƙar gayyata. Ɗan Samaru ya ga ta yi tsawo, ya goge rabinta, ya ɗauka gyara ya yi. Kwana biyu shugaba bai ce uffan ba a zaure. Ni na gane abin da ke nan, na kira shi. Ya ce, "Malama, a gabana aka haifi yaron nan. Ko a takardar makaranta ba ya jan layi a kan rubutuna, balle ya share." Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙuruciya ce, kuma rubutunka yana nan bai ɓata ba, yanzu zan dawo da shi." Daga nan muka kafa ƙa'ida: ba mai goge maganar wani. In kana da gyara, ka sa shi a matsayin shawara a gefe, mai maganar ya karɓa ko ya ƙi. Yaron ya kira shugaba ya nemi afuwa. Abin mamaki, da aka bi ta wannan hanya, shugaba da kansa ya karɓi kusan duk gyaran da a da ya fusata shi.

Zuwa lokacin da masara ta fara bushewa, mun ɗauka mun gama. Mun jefa ƙuri'a a WhatsApp mun tsayar da rana. Mun kama ɗakin taro a Karaye mun ba da kafin alƙalami. Wani masani daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya amsa zai zo. Mun watsa fom ɗin rajista a zauruka daban-daban, sunaye suna ta shigowa, kullum da dare in ƙirga su in ji daɗi. Har na fara raya wa kaina cewa wahalar da magabatanmu suka sha wajen haɗa taro rashin kayan aiki ne kawai.

Ana cikin haka na ji labarin Baba ba ya jin daɗi. Baba shi ne tsohon malamin gonar da ya fara riƙe hannuna a wannan aiki. Ya fara aiki yana saurayi a shirin bunƙasa noma na Funtuwa, ɗaya daga cikin ukun farko da aka kafa da tallafin Bankin Duniya a 1975 tare da na Gusau da Gombe, daga baya ya dawo hukumar KNARDA ta Jihar Kano har ya yi ritaya. Yanzu yana zaune a wani ƙauye da ba shi da nisa da mu, da 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila. Maigidana ya kai ni a babur. Na same shi a zaure, ya ji sauƙi, yana ɓare gyaɗa.

Bayan mun gaisa ya dube ni ya ce, "'Yar nan, na ji a bakin mutane wai kuna haɗa taro."

Sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata uku muna shiri, sunan Baba bai taɓa faɗo wa ɗayanmu a rai ba. Ba raini ya jawo ba. Ba ya cikin zaure, ba ya cikin takarda, kuma idonmu ya saba da ganin waɗanda suke ciki kaɗai. Na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu.

"Bar wannan, ni na tsufa. Wace rana kuka sa?"

Na faɗa masa. Ya ƙirga da yatsunsa, ya ce, "Ranar kasuwar garin ke nan. Wane mai shagon magani ne zai rufe shagonsa ran kasuwa ya zo ya saurari malaman gona? Wa ya zaɓi ranar?"

Na ce ƙuri'a muka jefa.

"Ku nawa?"

"Mu bakwai, Baba."

"A cikinku akwai mai shago?"

Na yi shiru. Ya ce in karanto masa sunayen waɗanda suka yi rajista. Na buɗe waya na fara karantowa, yana gyaɗa kai. Malaman gona, ɗalibai, malaman makaranta, ma'aikatan ƙungiyoyi daga Kano, har da wasu daga jihohin da ba mu taɓa zato ba. Da na kai ƙarshe ya ce, "Ban ji sunan ƙanenki ba." Na ce ba shi da babbar waya. Ya ce, "To abokan sana'arsa fa? Matan da kika ce za a nuna wa buhu fa, da wace waya za su cike? Dagacin garinku ya sani? Limamai sun sani?" Ko ɗaya ba ni da amsarta. Mun shirya taro domin ceton 'yan feshi, kuma babu ɗan feshi ko guda a cikin waɗanda za su zo.

Baba ya aiki jikansa ya ɗauko masa wani tsohon littafi mai baƙin bango wanda gefensa ya cinye. Ya ce a zamaninsu tsarin horarwa da ziyara ake bi: duk bayan mako biyu a tara su a koya musu darasin da ya dace da lokacin, sannan kowa ya hau kekensa ya bi ƙauyukan da aka ba shi, kowane ƙauye da ranarsa, manoma sun san ranar da malam zai zo kamar yadda suka san ranar kasuwa. A cikin littafin akwai sunan kowane ƙauye, da mutumin da in ya yi magana ake ji, da wanda in ba a fara gaishe shi ba zai ɓata aikin, da ranakun kasuwanni, da hanyar da take yankewa in ruwa ya sauka. Ya miƙo mini ya ce, "Gayya kuka yi, na yarda, kuma kun yi dabara. Amma a garinmu ba a taɓa yin gayya ba sai mai gona ya taka ya je ƙofar gidan kowa. Zumunta a ƙafa take, 'yar nan."

A hanyar komawa ban ce wa maigidana komai ba. Abin da yake cina a rai shi ne, ni da na fi kowa sanin zafin kujerar baya, ni ce na zauna a gindin darbejiya ina murna an ba ni wuri, ban waiwaya na ga waɗanda ko ƙofar ba su samu ba.

Daren nan ban yi rubutu ba. Saƙon murya na aika zaure, na faɗi duk abin da Baba ya ce, ban rage ba. Aka yi ta sauraro, ba wanda ya amsa sai da safe. Shugaba ya ce maganar gaskiya ce, amma an riga an ba baƙo rana, an ba da kuɗin ɗaki, sauya rana zubar da mutunci ne. Ma'aji ya ce kuɗin man da muka gudu shi ne za mu koma wa in aka ce sai an bi ƙauyuka. Wani ya ce a bar na bana ya wuce haka, a gyara a na baɗi. Muka yi zama mafi zafi a duk shirin, sabis yana yankewa, murya tana hawa kan murya. Da aka zo kaina na ce, "Ranka ya daɗe, in aka yi taron nan yadda yake, za mu yi jawabai masu kyau, mu ɗauki hotuna, mu watse. Ni kuma zan koma gida in tarar da ƙanena yana dama magani da hannunsa. Ban san abin da zan ce wa mahaifiyata ba." Aka yi shiru har na zaci layin ne ya katse. Can sai shugaba ya ce, "A ɗaga ranar."

Ɗagawar ta ci mana kuɗi. Rabin kafin alƙalamin ɗakin ya tafi, baƙonmu na Samaru kuma ya ce sabuwar ranar ta ci karo da wani aikin, sai dai ya yi mana jawabi ta Zoom. Amma a nan ne kayan aikin namu suka fara yin amfanin da ya kamata tun farko. Na ɗauki hoton shafukan littafin Baba ɗaya bayan ɗaya na zuba a zaure, muka raba su, kowa ya kwafe nasa cikin takardar lissafi. Da yawa daga mutanen da ke ciki sun rasu, sai wanda ya san ƙauyen ya rubuta sunan magajinsa. A gaban kowane suna muka ƙara gida ɗaya mai taken "Wa zai je da ƙafarsa?" Muka raba ƙauyukan bisa kusanci, don kada wani ya ƙona mai zuwa inda ɗan'uwansa yake iya takawa. Wanda ya isar da saƙo sai ya mayar da gidan kore. In dagaci ya ba da wata shawara, ko mai shago ya kawo ƙorafi, a rubuta a gefe kowa ya gani a daren.

Muka buga wasiƙu a takarda muka kai wa hakimai da dagatai hannu da hannu. Muka roƙi limamai su yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Aka ba sanƙira goro ya zaga kasuwa. Ni na bi gidaje a Beli da kewayenta ina neman izinin mazaje domin matansu, ƙanena kuma ya zama jakadanmu a wurin 'yan feshi, yana rubuto sunayensu a bayan kwalin magani ina shigarwa a fom da hannuna. Jikan Baba ya riƙa ɗaukar muryar kakansa da wayar wani maƙwabci yana turo mana, mu kuma muna sauya jadawali bisa abin da ya ce: a fara da wuri domin na nesa su koma da rana, a rage jawabai, a kawo masara da famfo da buhu a nuna a aikace, kada a zaunar da masu shago a gefe guda kamar waɗanda ake tuhuma. Mako uku ina kallon takardar nan tana komawa kore, gida bayan gida, kamar gona bayan ruwan shuka.

Ranar taro ɗakin bai ɗauke mu ba, sai da aka kafa rumfa a waje. An haɗa majigi da lasifika, masanin Samaru ya bayyana a jikin bango, mutane suna ta mamaki. Ya yi kamar minti goma yana bayani mai amfani, sai hoton ya daskare, murya ta ɗauke. Ɗan Samaru ya yi ta zagaye da waya a sama yana neman sabis, jama'a suka fara surutu. Sai Baba ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ɗauki karan masarar fadama da aka kawo, ya buɗe tsakiyar ganyen ya nuna inda tsutsar take ɓuya da rana. Ya ce wanda ya yi feshi da tsakar rana ganye ya wanke, kansa kuma ya shayar da guba. Da sassafe ko da yamma ake yi, a saita bakin famfo cikin kan masarar, bayan an zaga gona an tabbatar ɓarnar ta kai a yi feshin. Ya kira ƙanena ya ce ya faɗa wa jama'a abin da ya same shi. Yaron da ko a gida ba ya doguwar magana ya tsaya gaban mutane ya ba da labarinsa, muryarsa tana rawa. Da sabis ya dawo, masanin ya saurari ƙarshen maganar, ya ce ba shi da abin ƙarawa sai amsa tambayoyi.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Wasu masu shago sun ji zafin maganganun ma'aikatan lafiya sun fice kafin azahar. Buhunan da muka kawo wa mata ba su isa ba, kuma da yawa sun ce kuɗinsa ya fi ƙarfinsu. Daga cikin shawarwarin da aka yanke, waɗanda suke buƙatar hannun hukuma har yau suna cikin takarda ba su motsa ba. Abin da na gani da idona shi ne, 'yan feshin yankinmu sun haɗa kuɗi sun sayi safar hannu da takalman roba suna karɓa-karɓa, wasu masu shago sun fara karanta wa mai saye abin da ke jikin kwalba, kuma a gidanmu Inna da kanta ta ɗaure bakin buhu mai ninki uku a kakar nan.

Bayan mako biyu muka kammala rahoton taro, a cikin takardar da muka fara. Kafin in rufe na buɗe tarihin gyare-gyarenta ina bi. Sunayenmu bakwai ne a jere, kowa da ranar da ya yi rubutu da abin da ya rubuta, har da sifirin ma'aji. Sunan Baba bai fito ko sau ɗaya ba, alhali rabin abin da ke ciki daga bakinsa da littafinsa ya fito. Babu sanƙira, babu limamai, babu matar da ta bi maƙwabtanta ɗaki-ɗaki tana cewa su shirya. Na'ura tana riƙe sunan wanda ya taɓa ta ne kawai, sauran kuwa sai mutum ya riƙe su da kansa. Na koma shafin farko na rubuta sunayensu da hannuna.

Washegari na sa aka buga rahoton, maigidana ya sake kai ni ƙauyen Baba. Idonsa ba ya ganin ƙananan haruffa yanzu, don haka na zauna a bakin zaure na karanta masa tun daga farko. Bai katse ni ba sai da na zo jerin ƙauyukan da aka gayyata. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Kun tsallake rugar da ke bayan rafi. Su ma suna noma masara, kuma yaransu ne suke yin feshin."

Na ciro waya a jaka. Babu sabis a zauren Baba, sai na rubuta a bayan rahoton da biro. Da dare, a gindin darbejiya, na buɗe sabuwar takarda domin taron gaba, na sa sunan rugar a layin farko, a gidan da ke gabansa kuma na rubuta nawa.